Ƙorai a Kife: Tarihin Wata Sarƙaƙiyar Lissafi

A tsakiyar ƙarni na 18 wani al'amari ya ɗaure wa masana lissafi na Turai kai. Sukan warware daidaiton da ke ɗauke da gangara, su sami amsoshi dangi guda, sai kuma wata amsa ta ɓullo wadda ba ta cikin dangin, alhali ta cika kowane sharaɗi. A 1756 Leonhard Euler ya sanya wannan cikin abubuwan mamaki na lissafi. Joseph-Louis Lagrange, haifaffen Turin, shi ya kwance ƙullin a Barlin a 1774, ta hanyar bin lissafin daga gindinsa: a fara da dangin siffofi, a fitar da daidaito daga gare su.

Ga misali. A kife ƙorai masu girma ɗaya a ƙasa, kowace rabin ƙwallo ce mai tsayi 1. Siffar kowace ita ce (x − a)² + (y − b)² + z² = 1, inda tsayayyun lambobi a da b ke nuna mazauninta. A kira gangarar bayan ƙwarya ta fuskar x da p, ta fuskar y kuma q. Ƙa'idar gangara za ta ba da x − a = −zp da y − b = −zq. Idan aka mayar da su cikin siffar farko, a da b sun kau, saura z²(p² + q² + 1) = 1. Wannan daidaito bai san mazaunin kowace ƙwarya ba, halin da suka yi tarayya a kai kaɗai yake faɗa.

To, a ɗora allo a bisa ƙoran. Tsayinsa 1, gangararsa sifili, don haka ya cika daidaiton, ga shi kuwa ba ƙwarya ba ne. Lagrange ya nuna cewa baƙuwar amsar nan ita ce shimfiɗar da ke shafar kowane ɗan dangi, dangin kuma ya kira shi cikakkiyar amsa.

Gaspard Monge, malami a École Polytechnique ta Faris, ya faɗaɗa fannin a littafinsa na 1807. A irin nazarinsa, ƙoran da aka jera bisa layi guda rabin bututu ne ke lulluɓe su, shi ma amsa ne ga daidaiton.