Zabo Ne Ko Zabuwa? Daga Kunnen Mai Kiwo Zuwa Ɗakin Gwaji

Zabin da ake saukewa a Ankara ta Gana daga Tamale, Bolgatanga da Bawku, har su kai hannun masu gashi a Nima ko Abossey Okai, ba mai damuwa da jinsinsu. Mai kiwo ne ke shan wahalar. 'Ya'yan zabi duk kamarsu ɗaya, sai sun yi kamar wata 2 muryarsu ta tona asiri: zabuwa na kuka gaɓa biyu, namiji kuwa gaɓa ɗaya yake ta maimaitawa. Kafin nan an ci hatsi mai yawa, wataƙila ma rabin garken maza ne.

Matsalar ta samo asali daga halittar tsuntsu. Yawancin tsuntsaye ba su da al'aura a waje. Mutanen Japan ne suka fara ɗaukar tantance jinsin tsako a matsayin sana'a: a 1933 Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto suka wallafa hanyar leƙa duburar ɗan tsako ranar da aka ƙyanƙyashe shi, ƙwararrunsu suka bazu Turai da Amurka. Hanyar ta yi wa kaji, amma ga aku da danginsa likitoci sun koma tsaga ciki suna zura madubi, tsuntsun na cikin maganin barci. Wasu ba sa farkawa.

Mafita ta fito daga ƙwayoyin gado. A wurin ɗan Adam namiji ne ke ɗauke da zaren gado biyu mabambanta, X da Y. Tsuntsaye sun juya abin: mace ce mai Z da W, namiji Z biyu. Bayan Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar PCR a 1983, wadda ke ninka ɗan guntun gado sau miliyoyi, sai neman W ya yi sauƙi. A 1995 Richard Griffiths da Bela Tiwari suka gwada gashin da wani shuɗin aku na ƙasar Birazil ya zubar, shi kaɗai ya rage a daji cikin irinsa, suka tabbatar namiji ne. Zuwa 1998 Griffiths da abokan aikinsa sun fitar da gwaji ɗaya mai aiki kan mafi yawan tsuntsaye, da ɗigon jini ko gashin da aka fige.

Masana a Jami'ar Gana da ke Legon sun gwada wannan kan 'ya'yan zabi. A ganina dai amfaninsa na manyan gonakin ƙyanƙyasa ne, ba na mai zabi goma a bayan gida ba, wanda kunnensa ya ishe shi. Inda ya fi daraja shi ne aku mai jan wutsiya, wanda ya kusa ƙarewa a dazukan Gana. Tun da yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe a 2016, masu hayayyafar da shi a keji ba su da halin shekara da shekaru suna ciyar da maza biyu suna jiran ƙwai.