Matakan Jarrabawar Ɗaliban Kimiyya a Wudil

Tun shekarar 1977, lokacin da aka buɗe sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, Jihar Kano ta ɗora karatun kimiyya kan tantancewa: ɗalibi ba ya shiga irin waɗannan makarantu sai ya ci jarrabawar shiga. A yau Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ce ke kula da su, har da Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Wudil.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar kwalifayin, wadda ɗaliban makarantun gwamnati ke zanawa a aji biyu na babbar sakandare. Da sakamakonta gwamnatin jiha ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar kammalawa ta NECO, ko ta NABTEB ga 'yan kwalejojin fasaha. Wanda bai cika sharaɗin ba, nauyin kan koma wuyan iyayensa.

Shirin ya kasu gida uku: kammala manhaja, bitar tsofaffin tambayoyi, da aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Na ukun ba ya haddatuwa, domin darussan fiziks, sinadarai da halittu kowanne na da takardar gwaji a aikace.

Mai burin shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil na buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, sannan ya zana jarrabawar JAMB ta darussa 4 a kwamfuta.