Azara da Daɓe: Benen Ƙasa a Karkarar Arewacin Kano

A ƙasashen Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Dambatta, inda gonaki suke manne da juna kuma ake noma su duk shekara da taimakon taki, bene bai taɓa zama ginin talaka ba, domin hakimai da dagatai da fatake masu hali ne suke ɗora ɗaki bisa ɗaki, suna koyi da gidajen birni irin waɗanda Bature matafiyi Clapperton ya tarar a Kano a 1824. Tsadar aikin tana ga azara, wato tsagin gangar giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, alhali itatuwan waɗannan gonaki galibi ɗorawa ne da kuka da tsamiya da gawo, don haka sai an sayo ta daga nesa.

Azara ba ta jure nauyi idan tazarar bango da bango ta haura kimanin mita 2, shi ya sa magina suke ɗaure baka, wato lanƙwasasshen ginshiƙin azara da aka lulluɓe da laka, wanda ke raba rufin gida-gida. A kan wannan ake jera azara kusa da kusa, a shimfiɗa zana ko asabari domin tare ƙasa, sannan a zuba kwaɓaɓɓiyar laka mai kauri. Idan ta bushe sai mata su karɓi aikin, su baza tsakuwa, su riƙa dukanta da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi duhu ya yi tauri.

Ba don sauti aka tsara wannan gini ba, amma ya kashe sauti fiye da yawancin abin da ya gaje shi. Katako shi kaɗai tamkar fatar ganga yake, yana amsa kowane taku ya miƙa shi ga ɗakin ƙasa, ita kuwa laka nauyinta ya fi ƙarfin sawun mutum, ga zana a tsakani tana ƙara dushe motsin. A gidan da maigida yake kwana a sama, baƙi ko 'ya'ya suna ƙasa, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne, kamar yadda ƙanƙantar tagogin bene take kare gidan maƙwabci daga ido.

Bayan isowar layin dogo Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa, kwano da katakon kudu da siminti suka fara shigowa, kuma sannu a hankali yaɓen da rufin ƙasa yake bukata kafin kowace damina ya zama nauyi ga masu gida. Benen da ake ginawa yau a Bichi ko Dambatta na kankare ne da rodi, bisansa tayil, wanda ke tare muryar magana amma yana saukar da ƙarar jan kujera da ƙwas-ƙwas ɗin takalmi, sai dai a shimfiɗa kafet ko darduma.