Bambancin Agogo Tsakanin Nijar da Ƙasashen Waje: Yadda Ake Lissafi

Duk mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa “ƙarfe kaza agogon GMT”. GMT agogon Girinwic ne, wata unguwa a birnin Landan, wadda taron Washinton na 1884 ya ɗauka a matsayin mafarin ma'auni. Duniya tana kammala juyi ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Shi ya sa ƙasashen gabas ke gabanmu, na yamma kuma suna baya.

Nijar tana gaban GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba ta canzawa. Agogonmu ɗaya da Najeriya, Benin, Cadi, Kamaru da Aljeriya. Amma Burkina Faso, Mali, Togo, Gana, Kodebuwa da Senegal suna kan GMT, suna bayanmu da awa ɗaya. Direban kamyon da ya bi ta Gaya zuwa Kwatano ba ruwansa da taɓa agogo. Wanda ya nufi Lome kuwa, da ya shiga Burkina sai ya mayar da shi baya.

Ta gabas, Libiya da Sudan sun fi mu da awa ɗaya, Saudiyya da Turkiyya da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi. Ƙasar Sin, duk faɗinta, agogo ɗaya gare ta, tana gabanmu da awa 7.

A nan ne ƴan kasuwa suka fi shan wahala. Idan ɗan kasuwar Maradi ya buɗe shago ƙarfe 8 na safe, a Gwanju ƙarfe 3 ne na yamma. Kafin 11 ta buga a nan, can ta yi 6, an rufe biro. Ke nan awa uku kacal gare shi na yin magana da masu kaya. Wanda ya ce bari sai bayan azahar ya kira, to ya yi asarar yini guda, kuma wani lokaci yinin nan ɗaya shi ke sa kaya su rasa jirgin ruwa.

Ƙasashen da suka fi rikita mutane su ne masu canza agogo sau biyu a shekara. Da sanyi, agogon Faransa daidai yake da namu. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai ta wuce mu da awa ɗaya. Ingila kuwa akasin haka: da sanyi tana bayanmu da awa ɗaya, da zafi mu daidaita. Amurka nata ranakun daban ne, daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba. A tsakanin nan Niyok tana bayanmu da awa 5, sauran watanni da awa 6. Ɗalibin da aka ba randebu ta intanet ya duba kwanan wata tukuna, kada ya dogara da lissafin bara.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a bi ta GMT: a mayar da lokacin can zuwa GMT, sannan a ƙara awa ɗaya. Ƙarfe 10 na safe a Makka 7 ce ta GMT, 8 ke nan a Tawa. In za a sa lokaci da wani, a faɗi rana, a faɗi awa, a kuma faɗi agogon wace ƙasa. A lura da ranakun hutu ma: Saudiyya da Aljeriya Juma'a da Asabar suke hutawa. Lokacin da ke kan tikitin jirgi kuwa na garin tashi ne da na garin sauka, kowane da agogonsa; alhazai su riƙe wannan.

Salla da buɗa-baki ba su bin wannan lissafi, rana suke bi. Difa da Yamai agogonsu ɗaya, amma rana kan faɗi a Difa kimanin minti 40 kafin Yamai. Mai azumi a Yamai kada ya sha ruwa don ya ji kiran magariba ta talho daga Damagaram.