Dutsen Jabba da Jirgin Dayspring: Hatsarin 1857 da Sawunsa a Ƙasar Hausa

In aka yi wa mutumin Kwaya, ko na Dungas da Magarya, zancen fashewar jirgin ruwa a ƙarni na 19, zai ɗauka labarin wasu mutane ne can nesa. Ƙasarsa ta jigawa ce da fadama, ruwan da ya sani shi ne na Korama da tafkunan damina, kuma tsakaninsa da bakin teku akwai kusan kilomita 1,000. Duk da haka, wannan maƙala na da'awar cewa akwai wani jirgin tururi da ya daki dutse a Kogin Kwara ranar 7 ga Oktoba 1857, wanda ya kamata mai nazarin tarihin wannan yanki ya san shi kamar yadda ya san yaƙin Tirmini. Sunan jirgin Dayspring.

Masu rubuta tarihin haɗurran ruwa sun saba auna girman hatsari da yawan gawa. Da wannan ma'auni ne jirgin Faransa mai filafilai, Méduse, ya yi suna. Ya kafe a kan rairayin Argin, gaɓar Muritaniya ta yau, ranar 2 ga Yuli 1816, yana ɗauke da gwamnan da zai karɓi Sanlwi ta Senegal daga hannun Ingila. An zuba mutum wajen 147 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Mai zane Géricault ya zana abin, zanen yana rataye a gidan tarihi na Louvre har yau. A Dayspring kuwa ba a yi asarar rai ba lokacin da ya fashe, shi ya sa littattafan haɗurra ba su damu da shi ba. Ni ina ganin ma'aunin ne bai cika ba. Mutanen Méduse da suka mutu abin tausayi ne ƙwarai, amma mutuwarsu ba ta sauya yadda Faransa ta koma Senegal ba. Mutanen Dayspring sun rayu, suka maƙale a ƙasar Nufe shekara guda cur, kuma abin da suka koya a wannan zaman dole shi ne ya zama tushen dabarar da aka ci ƙasar Hausa da ita.

Kafin 1857, Kwara ta sha cin Turawa. Mungo Park ya taso daga Sansandin a ƙarshen 1805 cikin wani jirgi da ya haɗa daga tsofaffin kwalekwale, ya wuce Tumbutu da Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A 1832 ɗan kasuwa Macgregor Laird ya shigo da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah. Cikin Turawa 48, tara ne suka koma gida. Ayarin gwamnatin Ingila na 1841, mai jirage uku, ya binne fiye da mutum 40 saboda zazzaɓi. Sai a 1854 likita William Balfour Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa ko ɗaya ba. Wannan nasara ce ta sa aka sake turo shi a 1857, a cikin Dayspring. Abin lura shi ne duk waɗannan tafiye-tafiye na wucewa ne. A shigo da cikar ruwa, a yi ciniki, a zana taswira, a fice kafin ruwa ya janye. Jirgin shi ne gida, shi ne rumbu, shi ne ganuwa. Baturen da ke cikinsa ba ya bukatar harshen kowa sai na tafintansa.

Dayspring ya hau kogin cikin damina, ya sauke Rabaran J. C. Taylor a Anaca don kafa mishan, ya wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, ya wuce Raba, tsohuwar hedikwatar Nufe. Sama kaɗan, kusa da babban dutsen da ke tsaye a tsakiyar ruwa a Jabba, ƙarfin igiya ya fi ƙarfin injin, ruwa ya kwashe jirgin ya maka shi da dutse. Ba wani abin mamaki a nan ga wanda ya san jiragen tururi na farko. Injinsu ƙarami ne, makamashinsu itacen da ake sara a bakin kogi, ga shi babu taswirar da ta nuna inda duwatsu suke ƙarƙashin ruwa. Masu wannan ilimi su ne Kede, masu jiragen Nufe da ke ƙarƙashin Kuta na Muregi, da Kakanda a ƙasa, da Sarkawa a sama wajen Yawuri. Su sun san mashigar da ake bi a kowane wata na shekara, kuma manyan kwalekwalensu sun daɗe suna haurar da fatake da goron Gwanja da kanwa da dawaki. Baƙon jirgin ya shigo ruwan da yake da masu shi, da ƙarfen da bai san ruwan ba.

Cikin waɗanda suka fito gaɓa akwai mutum uku da tarihi ya riƙe: Baikie, da Samuel Ajayi Crowther wanda daga baya ya zama bishop, da wani matashin hafsan sojan ruwa, Laftanar John Hawley Glover. Yawancin kayansu ya salwanta. Suka kafa bukkoki kusa da Jabba, suna sayen abinci a hannun Nufawa, suna zaune bisa yardar sarakunan Nufe, Usman Zaki da Masaba, waɗanda a shekarar nan ne suka gama da abokin hamayyarsu Umar Bahaushe suka zauna a Bida. Jirgin ceto, Sunbeam, bai iso ba sai 1858.

A nan ne ya kamata a dakata, domin a wannan shekarar aka yi abubuwa uku da ba a yi niyyarsu ba tun daga Landan.

Na farko, hanyar ƙasa. Da jirgi ya tafi, ba yadda za a aika saƙo ko a samo kaya sai a ƙafa, daga Jabba ta Ilori da ƙasar Yarbawa zuwa Ikko. Mutanen ayarin suka bi wannan hanya, Glover ma ya bi ta fiye da sau ɗaya. Hanyar fatake ce tsohuwa, amma ga Ingila sabuwa ce, kuma kusan ita ce layin dogo ya bi daga baya ya ƙetare Kwara a Jabba ɗin nan, ya isa Kano.

Na biyu, zama. Baikie bai koma gida ba. Wajen 1860 ya kafa mazauni a Lakwaja ƙarƙashin inuwar Masaba, ya zama likita da alƙali da ɗan kasuwa a wurin, yana sa tufafin ƙasar. Ya duƙufa kan Hausa, ya fitar da ɗan littafi kan Hausa da Fulatanci a 1861, ya fassara Zabura zuwa Hausa, a 1862 kuma ya hau doki har Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya rasu a Saliyo a Disamban 1864 yana hanyar komawa. A Lakwajar nan ne Lugard ya sa aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, ya shelanta mulkin Arewacin Najeriya.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ne ya fi shafar mu. A zirga-zirgarsa tsakanin Ikko da Jabba, Glover ya bukaci masu ɗaukar kaya da masu rakiya. Ya same su cikin bayi ƴan Arewa da ke hannun iyayengiji a Ikko da ƙasar Yarbawa, mutanen da ke neman kowace kafa ta kuɓuta ko ta komawa gida. Ya ga juriyarsu a hanya, ya ga ba su da dangi a kudu da za su ji nauyinsu, ya ga harshe ɗaya ya haɗa su. Da ya zama mai riƙon mulkin Ikko a 1863, irin waɗannan mutane ya ɗauka ya ba bindiga. Tarihin da rundunar sojan Najeriya ke bayarwa game da kanta yana farawa ne daga wannan ƴar ƙungiya ta mutum 18 da aka riƙa kira Hausawan Glover. Sun ƙaru, Glover ya kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, an kafa irinsu a Gwalkwas, Jamusawa a Togo da Sarki Leopold a Kwango ma suka shiga neman sojan Hausa. Da irin wannan soja Kamfanin Neja ya ci Bida a 1897, garin da sarakunansa suka ba mutanen Dayspring mafaka shekara 40 kafin nan. Da su aka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka shiga Sakkwato a Maris na shekarar.

Su wane ne waɗannan Hausawa? Ba dukansu Hausawa ne na asali ba; akwai Barebari da Nufawa da Gwari da sauran waɗanda bauta ta koya wa Hausa. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda aka yi suka je Ikko tun farko, kuma amsarta tana gidanmu. A tsakiyar ƙarni na 19, Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya yi mulki har 1884, ta mamaye ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca da Mirya, tana kai hari kudu wajen ƙasar Daura da iyakar Kano. Daular Sakkwato ma tana kai nata hare-haren. Kowane hari yana haifar da bayi. Wasu a kai su Barno da Turabulus, wasu a gangara da su kudu hannu zuwa hannu. Muna da shaidar mutum guda da ya ba da labarinsa da bakinsa: Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, maƙwabciyar Magarya. An kama shi yana yaro, aka kai shi Damagaram, aka sayar da shi har Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi.  Heinrich Barth ya tafi da Dorugu da abokinsa Abbega Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön, wanda ya kasance cikin ayarin 1841, ya samu yawancin Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885 a kanta. Abbega ya dawo ya yi wa Baikie tafinta, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, yana koyarwa a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Ke nan harshen da Bature ya riƙe a littafi ya fito daga bakin yaron ƙasar Kance, sojan da ya riƙe a bariki kuma ya fito daga cikin dubban da suka bi hanyar bauta irin tasa amma ba su samu mai rubuta sunansu ba.

Mai karatu na iya cewa ko Dayspring bai fashe ba, Ingila za ta zo. Gaskiya ne. Manja da kwinin da bindiga mai jigida da gasar Turai su ne manyan dalilai, dutse guda a Jabba bai isa ya haifar da mulkin mallaka ba. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta, amma ina ganin ya fi shi tabbata: hatsarin ne ya zaɓi siffar da zuwan ya ɗauka. Da an ci gaba da shigowa da fita a jirgi, da tasirin Ingila ya daɗe a bakin ruwa kamar yadda ya daɗe a gaɓar teku ƙarni uku. Rashin jirgi ne ya tilasta wa Baikie neman yardar sarki, ya tilasta wa Glover dogara da ƙafar Bahaushe. Mulki ta hannun sarakuna, da soja mai karɓar umarni da Hausa, da hedikwata a Lakwaja, duka ukun ana iya bin sawunsu zuwa bukkokin Jabba.

Duwatsun kogin sun kuma taɓa ɓangaren Faransa. Da yake Ingila ta riga ta zauna a ƙasan Kwara, yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Cadi, Faransa ta samu arewa. Sojanta ya iso Damagaram ta ƙasa, ya ci Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899. Ciyar da wannan soja ya zama matsala, har Kyaftin Lenfant ya yi ta fama da jan jirage cike da kaya ta cikin duwatsun Busa a farkon ƙarni na 20 don kai su Sayi. Wahalar wannan hanya, da rashin rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram, suna cikin abin da ya sa Faransa ta nemi a gyara iyaka a 1904 da 1906. Iyakar da ayarin haɗin gwiwar Faransa da Ingila na Tilho da O'Shee ya kafa wa alamu daga 1906 zuwa 1908 ita ce ta bar Magarya da Dungas a hannun Faransa, Daura da Zango da Ɓaure a hannun Ingila, alhali gida ɗaya ne.

Abin da ya rage na Dayspring, ƙarafan injinsa da farfelarsa, an ciro su an ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jabba. Tsohuwar Busa kuwa ruwan madatsar Kainji ya shanye ta tun 1968. Rubuce-rubucen Crowther da Baikie da Glover suna nan a ɗakunan ajiya na Ingila, an kuwa karanta su sosai. Abin da ba a yi ba shi ne bin ɗaya ɓangaren: sunayen garuruwan da sojan Glover suka ce daga can aka kamo su, da abin da zuriyarsu a zangunan Ikko da Akara da Kumasi ke riƙe da shi na asalinsu, da abin da tsofaffi a Kwaya da Dungas da Waca ke tunawa na mutanen da hari ya kwashe. Wannan aiki ne da Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Bayero ta Kano za su iya haɗa hannu a kai, kuma ya kamata a fara shi tun masu riƙe da labarin kakanninsu suna raye.