Yadda Awon Zazzaɓin Yara Ya Iso Tambuwal da Kebbe

Tun kafin a gina ɗakin shan magani na farko a ƙasar Tambuwal, da bayan hannu uwa ke gane masassara. Takan dafa goshin yaro, ta gangara wuya da ciki. Mai goyo kuwa tun a bayanta take jin jikin ya ɗau zafi. Hannu na kama zazzaɓi mai ƙarfi, amma ba ya faɗin inda ya kai. A bazara kuwa, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kowane yaro ka taɓa zau za ka ji shi.

Lambar da malaman asibiti ke dogaro da ita daga Jamus ta fito. A 1868 likita Carl Wunderlich ya wallafa awon marasa lafiya kusan 25,000, ya tsayar da digiri 37 a matsayin zafin lafiyayyen jiki. Sai dai ma'auninsa ya kai tsawon ƙafa guda, kuma sai ya yi minti ashirin a hammata. Wane yaro zai tsaya? A daidai lokacin Thomas Allbutt na Ingila ya gajarce shi zuwa inci shida, yana gama aiki cikin minti biyar. Irinsa ne ya iso mana: malamin asibiti ya kaɗa gilashin, ya sa a hammata, uwa ta matse damtsen yaro yana tsala ihu, sannan a ɗaga shi wajen haske ana jujjuyawa har siririn layin zaiba ya fito.

Zaiba guba ce in gilashin ya fashe, shi ya sa bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, mai batir ya ƙara maye gurbinsa. Ebola a 2014 da korona a 2020 suka yaɗa na'urar da ake saita wa goshi, wadda rana da gumi kan ruɗe ta.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Ya yarda akwai zazzaɓi in hammata ta nuna 37.5, ko jiki ya yi zafi a taɓawa, ko uwa ta ce an kwana da shi. Wannan adalci ne ga matar ƙauyen Kebbe da ta taso daga nesa, ta iso bayan maganin kemis ya sauke zafin. Tun 2010 kuma ƙa'ida ta ce a soki yatsa a gwada jini kafin a ba da maganin cizon sauro. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, da awo ya nuna zazzaɓi, babban asibiti ake tura shi ba jira.