Shekara 200 na Masu Shiga Teku Lokacin da Kowa Ke Neman Tudu

Ranar 4 ga Maris, 2024, aka yi taron addu'ar godiya a majami'ar Westminster da ke Landan, domin ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Birtaniya da Ayalan, wadda aka fi sani da RNLI, ta cika shekara 200 cif. A lissafin ƙungiyar, mutanen da ta tsamo daga bakin mutuwa tun kafuwarta sun haura 146,000. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba albashi suke karɓa ba. Masunta ne da makanikai da masu shaguna, waɗanda ake tasa daga barci da tsakar dare su faɗa cikin ruwan da manyan jirage suka kasa.

Sai mutum ya san yadda tafiyar teku take a farkon ƙarni na 19 kafin ya gane abin da ya haifi ƙungiyar. Mafi yawan jiragen lokacin na katako ne, ba su da inji. Iska ce ke tura su, ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a dogayen sanduna. Idan iskar ta juya ta nufi gaɓa da ƙarfi, matuƙi ba shi da ta cewa: yana kallon duwatsu, jirgi na matsawa gare su, har ya ji katako ya tsage a ƙarƙashin ƙafarsa. An ƙiyasta cewa jirage kimanin 1,800 ke halaka kowace shekara a gaɓar tsibiran Birtaniya. Abin da ya fi ciwo, da yawa ba a tsakiyar teku suke nutsewa ba. A gaban gari abin ke faruwa, mata da yara na tsaye a bakin ruwa suna jin ihun mutane cikin duhu, ba jirgin da za a kai musu.

Cikin masu wannan tsayuwa akwai Sir William Hillary. An haife shi a 1771, ya kuma ƙarar da dukiya mai yawa wajen haɗa rundunar sa-kai lokacin da Ingila ke fargabar mamayar Napoleon. Da hannunsa ya yi sanyi, sai ya koma Tsibirin Man a 1808, ya zauna a garin Douglas, a gidan da ke kallon teku. A bakin mashigar garin akwai wani dutse mai suna Conister, wanda ruwa ke rufewa idan ya cika, jirage kuwa sun sha karo da shi. A watan Oktoban 1822 jirgin sojan ruwa mai suna Vigilant ya maƙale a nan. Hillary ya tara 'yan sa-kai a ƙananan kwale-kwale, shi ma ya shiga, aka ceto mutum 97. Wata biyu bayan haka wani jirgin yaƙin, Racehorse, ya tarwatse a kudancin tsibirin, kuma mutum uku 'yan garin Castletown da suka fita ceto ba su dawo ba. Iyalansu aka bari ba mai ɗaukar nauyinsu.

Wannan ne ya zaunar da Hillary ya rubuta ɗan littafin kira ga al'ummar ƙasa, wanda ya fito a watan Fabrairun 1823. Abin da ya nema a fili yake: a ajiye jiragen ceto a gaɓa da horarrun mutane, a ba jarumai lambar yabo, a riƙe matan da 'ya'yan duk wanda ya rasu wajen ceto. Sai kuma sharaɗin da ni a ganina ya fi sauran daraja, wato a ceci mutanen kowace ƙasa, ko ana zaman lafiya da ita ko ana yaƙi. Mutumin da ya kashe dukiyarsa domin yaƙar Faransawa ne ya rubuta haka, shekara takwas kacal bayan an ajiye makamai.

Hukumar sojan ruwa ta karanta, ta kau da kai. Hillary bai tsaya jiran gwamnati ba, ya juya ga attajiran Landan, inda ɗan majalisa Thomas Wilson da ɗan kasuwa George Hibbert suka rungumi maganar. Ranar 4 ga Maris, 1824, aka yi taro a wani babban masauki a unguwar Bishopsgate, Akbishop na Canterbury ya shugabanta, William Wilberforce mai yaƙi da cinikin bayi na cikin mahalarta, Sarki George na Huɗu kuma ya amince ya zama uban ƙungiya. Kafin shekara ta zagayo an tara kusan fam 10,000.

Hillary bai koma shugaban ofis ba. A daren 20 ga Nuwamba, 1830, jirgin St George ya bugi wannan dutse na Conister. Dattijon, yana dab da shekara 60, bai kuma iya iyo ba, ya ja ragamar jirgin ceto. Igiyar ruwa ta watsa shi waje, haƙarƙarinsa shida suka karye, aka jawo shi, bai fasa ba sai da mutum 22 da ke cikin St George suka taka ƙasa lafiya. A 1832 ya sa aka gina hasumiya a kan dutsen, ana ajiye burodi da ruwan sha a ciki, domin wanda jirginsa ya fashe ya sami inda zai raɓa kafin gari ya waye. Tana nan tsaye har yau. Ya rasu a 1847 ba shi da wata dukiya, bayan ya sa hannu wajen ceton mutum sama da 300.

Shekarun da suka biyo kafuwar sun yi tsauri, kamar yadda kan faru da duk abin da ke dogaro da kyautar jama'a idan ƙasa na cikin matsin tattalin arziki. Ko labarin Grace Darling, 'yar mai gadin fitilar teku da ita da mahaifinta suka ceci mutum tara daga jirgin Forfarshire a 1838, bai cika asusun ba. A 1849 kuɗin shiga fam 354 ne kawai.

Daga nan aka shiga zamanin da ƙungiyar ta fi alfahari da shi. A watan Disambar 1849 wani jirgin ceto ya kife a South Shields, mutum 20 cikin 24 suka mutu, hankalin ƙasa ya tashi. Richard Lewis ya zama sakatare a 1850, Duke na Northumberland ya zama shugaba a 1851, ya kuma sa gasar ƙera jirgin ceto mafi inganci. Samfuri 280 aka kawo. James Beeching na garin Great Yarmouth ya yi nasara da jirgin da ke miƙewa da kansa idan ya kife. A 1854 aka ba ƙungiyar sunan da take ɗauke da shi yanzu, a shekarar kuma sufetonta Kyaftin Ward ya fito da rigar ceto ta ɓawon wani itace marar nauyi da ba ya nutsewa. Masunta sun yi ta ƙyamarta da farko. Ranar 9 ga Fabrairu, 1861, jirgin ceton garin Whitby ya kife bayan ya yini yana kwaso mutane, mutum 12 suka halaka, ɗaya tak ya tsira, Henry Freeman, kuma shi kaɗai ne ke sanye da rigar. A wannan tsakanin ƙungiyar ta karɓi ɗan tallafin gwamnati na shekara 15, ta kuma ajiye shi a 1869 da ta ga ta tsaya da ƙafarta.

Babban rashin da ta taɓa yi ya zo ne a daren 9 ga Disamba, 1886. Jirgin Mexico, na birnin Hamburg a Jamus, ya maƙale a yashi kusa da Southport. Jiragen ceto uku suka fita. Na garin Lytham ya kwaso matuƙa 12 duka. Na Southport ya kife, 14 cikin 16 suka mutu. Na St Annes kuwa, mutum 13 ne a ciki, ko ɗaya bai dawo ba. Dare ɗaya ya bar mata 16 cikin takaba da marayu 50, duk saboda baƙin da ba su san ko sunayensu ba. Wani ɗan kasuwar auduga, Charles Macara, ya duba ya ga attajirai ƙalilan ne ke riƙe da asusun ƙungiyar. A watan Oktoban 1891 shi da matarsa Marion suka sa aka ja jiragen ceto a titunan Manchester, ana bi da akwatuna, talakawa na jefa sulalla. An tara sama da fam 5,000, kuma tun daga ranar ƙungiyar ta zama ta kowa.

Injin tururi ya shigo jiragenta a 1890, na fetur ya biyo baya, jiragen ƙyalle suka shuɗe. Da Ayalan ta sami 'yancin kai a 1922, ba a raba ƙungiyar ba. Yau tana da tashoshi 238 a ƙasashen biyu, hedkwatarta na garin Poole, kuma kyauta da wasiyyar jama'a ne ke riƙe da ita.

A 'yan shekarun nan wasu sun taso mata da suka, wai tana kwaso baƙin haure da ke tsallako ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a kwale-kwalen roba, cikinsu har da 'yan Sudan da Eritiriya da Afganistan. An zagi 'yan sa-kai a bakin ruwa suna sauke yara jiƙe sharkaf. Ni ban ga abin suka a nan ba. Masu gadin gaɓar teku ne ke kiran su, su kuma ba a taɓa ɗora musu aikin duba fasfo ba, kamar yadda mutanen St Annes ba su tambayi ƙasar matuƙan Mexico ba kafin su tura jirgi cikin ruwa. Jama'a ma sun ba da tasu amsar: a watan Yulin 2021, da sukar ta yi zafi, gudummawar da ta shigo asusun ƙungiyar a yini ɗaya ta kai fam 200,000.